Ranar da Na Ɗauko Dardumar da Zan Zauna a Kai

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na je nema wa ɗanmu Nura aure a Rigachikun ba. Ko na so in manta ma, motar da ta jawo mini abin tana nan a ƙofar gida, kullum na fito masallaci sai mun haɗa ido.

Aikin ruwa na yi, rijiyoyin burtsatse da ƙananan madatsu, kuma aikin ya zagaya da ni ƙasashe kafin in ajiye in dawo Malali. A yawon nan ne na ga yadda wasu mutane ke ji da a-kori-kura. A Namibiya manomi mai hali ita yake hawa zuwa banki. A Oman kuwa, ƙarshen mako ya zo, sai magidanci ya loda tanti da tukwane da 'ya'ya, su nausa cikin rairayi, su kwana biyu su dawo fuska a sake. Tun lokacin na sa a raina cewa in na huta, ni ma irin hutun da zan yi ke nan.

Na daɗe ina zaɓe. Abin da nake so shi ne motar da zan shiga gari da ita kullum ba tare da ta wahalar da ni a cunkoson Kawo ba, wadda kuma in na bar kwalta ba za ta zauna mini a laka ba, sannan in dare ya yi in kwanta a bayanta. Na zaga wajen dillalai har suka san ni. Mai dizal tana da ƙarfi, amma ƙararta za ta tashi maƙwabta da asuba. Mai kujeru layi biyu ta fi kyan gani, sai dai bayanta gajere ne. Akwai wata mai tsawo ƙwarai da na so, Hajiya matata ta gwada hawa sau ɗaya ta ce in na saye ta in haɗa da tsani. A ƙarshe na tsaya a kan wata fara, ta hannu, mai fetur, kujera layi ɗaya, baya dogo, tana da giyar nan da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare. Kafin in amince sai da na hau bayanta na miƙe tsawona a gaban dillali, don in tabbata ƙafata ba ta lankwashe ba. (Hajiya tana tsaye. Ta ce, "Alhaji, mota muka zo saya ko gado?")

Daga nan na kai ta wajen mai walda ya kafa mata ƙarafa a baya, don in riƙa shimfiɗa tamfol ya zama rumfa. Na tsaya na dube ta, na ga Namibiya sak. Ban lura ba cewa abin da na haɗa da hannuna, fara mai dogon baya da ƙarafa, shi ne daidai kamannin motocin da ke layi a tasha suna jiran a ɗauke su kai buhuna.

Maganar kwana a daji kuwa, Hajiya ta kashe ta da jimla ɗaya: mutane suna baro daji suna shigowa gari, ni kuma zan ɗauki filo in tafi. Muka daidaita a kan gonar wani abokina da ke bayan Rigachikun, mai katanga da maigadi, ana jin ƙarar manyan motocin hanyar Zariya daga ciki. Ba Oman ba ce, amma akwai taurari.

To, a makon da na shirya kwanana na farko ne aka sa ranar zuwa neman auren. Nura ɗan ƙanena ne da ya rasu, a hannuna ya tashi, don haka ni ne uba, ni zan yi magana. Yarinyar 'yar Rigachikun ce, kuma an gaya mana wanda zai karɓe mu yayan mahaifinta ne, Malam Iro, mutum mai tsauri, wanda in ya ce a'a ba a sake tayar da zancen. Ban taɓa ganinsa ba. Muka shirya da ƙanena Bala cewa shi zai taho da sauran dattawa daga Malali bayan azahar, ni kuma tunda ina kusa sai mu haɗu a can. Na goge babbar rigata na naɗe a jaka, na ajiye a bayan kujera.

Da hantsi na fito daga gonar. An yi ruwa da dare, hanyar ta caɓe, motar kuwa ta ratsa lakar nan kamar ba komai. Raina fes. Ina sanye da wandon kaki, tsohuwar riga mai aljihuna, da malafa, ƙafafuna duk taɓo. Sai na ce bari in gano gidan tun da wuri, kada in zo ina lalube a gaban baƙi, daga nan in nemi masallaci in wanke jiki in sauya kaya.

Kwatancen bai yi wuya ba. Na tsaya a ƙofar gidan, na sauke gilashi, na yi sallama ga wani dattijo da ke tsaye yana ta duban hanya.

"Wa'alaikumussalam. Sai yanzu? Tun safe aka ce an turo ka daga tasha!"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa bodinta, ya ce, "Kai, amma wannan mota ta isa. Ka iya zaɓe, Malam direba."

Ku fahimce ni. Tun da na sayi motar nan babu mahalukin da ya yabe ta. Bala cewa ya yi na tsufa na koma ɗan kamasho. Wannan ne mutum na farko da ya ga abin da na gani. Kuma ban taɓa ɗora mata kaya na gaske ba, ina so in ga yadda za ta yi. Sai na ce a raina, bari in taimaka, in an gama in faɗi ko ni wane ne, a yi dariya, zumunci ya fara da daɗi.

"Juyo da baya nan bakin zaure," in ji shi.

A nan aka fara ganin aibina. Doguwar mota ce, ban saba ba. Na yi gaba, na yi baya, na kusa kwashe tulun mai shayi. Dattijon yana ta daga hannu yana cewa, "Karya! Karya duka! A'a, ɗaya hannun!" Da ƙyar na daidaita. Mutanen gidan suka fito da buhunan takin kaji da aka jibge a zauren, suka loda, suka ɗora awaki biyu a kai. Za a kai su gidan ƙanin dattijon a bayan gari, a kuma ɗauko darduma da kujeru daga can. Dattijon ya buɗe ƙofa ya zauna kusa da ni.

Muna tafiya ya ce, "Ka yi haƙuri da faɗan da na yi maka. Baƙi zan yi daga Malali, neman auren 'yar ƙanena. Ba na so su tarar da zaure yana wari."

Ashe Malam Iro ne da kansa. Na ce yawwa, ga dama ta samu. Na gyara murya.

"Yaron dai ba shi da laifi," ya ci gaba. "Baffan nasa ne aka ce sai an yi haƙuri. Wai ya zaga duniya. Ba a gama magana sai ya ce a ƙasa kaza ba haka ake yi ba. An ce ko kunu aka ba shi sai ya faɗi yadda ake dama shi a Turkiyya." Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ni kuwa in ya kawo mini iyayi, wallahi sai in ce a ba mu lokaci mu yi shawara. Ka san ma'anar wannan."

Na sani sarai. Muryar da na gyara ta koma inda ta fito. Ina jin Larabci, ina jin Faransanci da Turanci, Fulatanci ma ba a sayar da ni, amma duk cikinsu na rasa wanda zan ce "ni ne" da shi. In na faɗa yanzu, na kunyata dattijo a cikin motata, ya zagi baƙonsa a gaban baƙon. Mutumin da aka kunyata haka kuwa ba ya ba da 'ya cikin daɗin rai. Na tuna Nura, yadda ya yi ta zarya a falo jiya kafin in tafi gona yana cewa, "Baba, don Allah a bi shi a hankali." Sai kawai na ce, "Allah ya kyauta."

"Amin. Kai dai ka ga mutum mai nutsuwa, ba ka da surutu."

Hanyar gidan ƙanin nasa ta bi ta wani ɗan rafi. Na sa giyar ƙafa huɗu, muka haye lafiya, ya sake yabon motar. Awakin ne suka yi ta zamewa suna kuka. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba: "Ai a Sudan ba haka ake ɗaure su ba, ƙafar gaba ake haɗawa da ƙarfen gefe." Ya dube ni ya ce, "Au, ka yi direba a can ma?" Na ce, "Wani abu mai kama da haka."

Muka sauke taki, muka ɗauko darduma da kujeru, muka dawo. Ni na kama gefe ɗaya na dardumar aka shimfiɗa a zaure. Malam Iro ya sa hannu a aljihu zai biya ni, na rantse ba zan karɓa ba, na ce a bar shi ladan aure. Ya yi ta sa mini albarka, ya cusa mini goro a hannu. Na ja mota na kai ta can bayan wata makaranta na ɓoye, na shiga masallaci na wanke taɓo, na zura babbar riga, na kafa hula, na sa farin gilashin karatu. Na dubi kaina a madubin mota na ce ko Hajiya sai ta duba sau biyu.

Su Bala suka iso, muka shiga tare. Na zauna a kan dardumar da na ɗauko, daidai gefen da na kama. Malam Iro ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya ɗan tsaya, ya ƙanƙance ido, sannan ya wuce. Na gabatar da abin da ya kawo mu a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa, kaina a sunkuye. Bala yana ta satar kallona, don bai taɓa jin na gama magana da wuri haka ba. Har ya raɗa mini, "Yaya, lafiya kuwa?"

Komai yana tafiya daidai. Malam Iro ya saki jiki, har ya shiga ba su labarin hidimar safe. "Allah ya haɗa ni da wani direba yau, dattijon kirki, ko kwabo bai karɓa ba. Mota kuwa ta gani ta faɗa. Sai dai bawan Allah bai iya ribas ba ko kaɗan, ban san wanda ya ba shi lasin ba." Aka yi dariya. Ni ma na yi, ta ciki na ciki.

Aka kawo shayi. Wani daga cikin dattawanmu ya kurɓa ya ce kayan ƙamshin sun ji. Ni kuwa hankalina ya kwanta, na ga an kusa gamawa lafiya, shayin kuma ya yi daɗi. Sai na ji wata murya, da ƙarfinta, tana cewa, "Ai a Sudan ba haka ake dafa shi ba..."

Muryata ce.

Malam Iro ya ajiye kofinsa a hankali. Ya dubi fuskata, ya sauko da ido kan ƙafata, inda taɓo ya maƙale a gefen farce. Ya ce, "Malam direba?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Bala ya ce, "Wane direba?" Na ga dattijon nan yana tuna duk abin da ya faɗa a mota, ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa tana sauyawa. Ya ɗora hannu a ka yana salati. Na san in na bar shi ya nutse a cikin kunyar nan, auren Nura zai nutse tare da shi.

Na cire gilashin na ce, "Allah gafarta Malam, ni ne. Kuma duk abin da aka gaya maka a kaina gaskiya ne, ga shi ka ji da kunnenka. Kunun Turkiyya ne kawai aka yi mini ƙari, ba su da kunu. Na duba."

Malam Iro ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ba su labarin tun daga taki har awaki, bai rage komai ba, Bala yana riƙe ciki. Sannan ya share ido ya ce, "Alhaji, ka ji zaginka a cikin motarka ka haɗiye don kada in ji kunya. Mun ba ku. Amma da sharaɗi: ranar kai kayan ɗaki motar nan za ta ɗauka, kuma a nemo wanda zai yi mata ribas."

An yi auren, yanzu har da 'yarsu. Motar ta kai kayan ɗaki, ta kai na maƙwabta, ta ɗauko ragunan layya na rabin layinmu, kwanan daji kuwa tun daga wancan ban sake samun sarari ba. A Rigachikun har yau ba a san ni da Alhaji ba, surukai da jikokinsu Malam direba suke ce mini.

Abin da na koya shi ne, in za ka zaɓi mota, bayan ka duba inji da taya da tsawon baya, ka ja da baya ka dube ta da idon mutanen garinku, ka ga wa za su ɗauka kai ne in ka sauke gilashi. Kuma ka sa babbar rigarka kafin ka tambayi gida. Ribas dai na koya. Ɗaya halin kuwa, Hajiya ta ce a bar wa Allah.