Indiyancin Alhaji Ɗanlasan a Tashar Katpadi

Kun san Alhaji Ɗanlasan mai taki, na bakin kasuwar Funtuwa? To, shi ne bara ya raka matarsa, Hajiya Tabawa, Indiya don a yi mata aikin gwiwa. 'Ya'yansu sun so a haɗa su da wanda ya san ƙasar, Alhaji ya ce a bar wahalar da kai. Tun yana saurayi, in ji shi, babu fim ɗin Indiya da aka haska a silima bai gani ba, kuma Indiyanci a bakinsa kamar Katsinanci yake. Hajiya dai ta ci gaba da ƙulla kuka da daddawa a leda.

Garin da za su, Vellore, jirgin sama ba ya kai mutum kai tsaye. A Chennai ake sauka, a hau jirgin ƙasa zuwa wata tasha da ake kira Katpadi, daga nan ɗan Keke Napep ya shiga da kai cikin gari. Masu wayo tun daga gida suke kama kujera a taragon da ke da sanyi. Alhaji kuwa sai da ya je tasha ya yanki tikitin gama-gari, suka shiga taragon da ko allura ba ta da wurin faɗuwa. Wata tsohuwa ce ta dubi ƙafar Hajiya, ta matsa mata gefen benci.

Suna cikin tafiya Hajiya ta leƙa taga, ba ta ga komai ba sai gonakin shinkafa da shanu.

"Alhaji, ina duwatsun da furannin da ka ce ana rawa a kai?"

"Suna gaba," in ji shi.

Likitan asibitin ya riga ya ce su zo kafin la'asar, in sun saɓa sai wani watan. Ga shi ba a faɗar sunan tasha a cikin jirgin, sai dai mutum ya riƙa duba allo ko ya tambayi na kusa da shi. Da ƙyar suka sauka a inda ya kamata, Alhaji na jan akwati, Hajiya na jan ƙafa.

A ƙofar tasha 'yan Keke suka yi musu caa. Alhaji ya zaɓi wani mai katon gashin baki, ya gyara hula, ya dafa ƙirji, ya saki Indiyanci. Mutumin ya kaɗa kai hagu da dama.

"Kin gani, ya ƙi," in ji Alhaji.

Ya je wurin na biyu, shi ma ya kaɗa kai. Na uku ma haka. Sai ya komo kan na farkon, ya ƙara murya, har yana lumshe ido. Mutane suka fara taruwa. Mai shayi ya bar tukunyarsa, wani ya ɗaga waya yana ɗauka. Mai gashin baki ya sunkuyar da kai yana murza gashin, abokansa na zungurinsa da gwiwar hannu. Hajiya ta zauna a kan akwati, gwiwa ta kumbura, rana na ta yin ƙasa.

Ana cikin haka sai suka ji sallama da Hausa. Wani Bakano ne, Alhaji Nalado, mai sarin kayan gyaran Keke, wanda ya daɗe yana zirga-zirgar Indiya. Hular Alhaji ya hango.

"Ranka ya daɗe, ina za ku?"

Alhaji ya faɗa masa, ya ƙara da cewa mutanen nan ba su da kirki, duk sun ƙi ɗaukarsu.

"Ai ba ƙi suka yi ba," in ji Nalado. "Nan in mutum ya kaɗa kai haka, ya yarda ke nan. Sannan nan kudu ne, Tamil suke yi, yaren fim kuwa na arewa ne. Gara ka yi ɗan Turancinka, ko ka nuna musu adireshi a waya. Ku gama ciniki kafin ku hau. Ruwa sai na gora mai hatimi. In kuna son abinci da nama ku nufi wajen masallaci, kuma ku ce a rage yaji tun kafin a zuba."

Nan take ya yi wa mai gashin baki magana, aka ɗora akwati, aka tallafi Hajiya ta shiga. Nalado ya ce hanyarsu ɗaya, ya raɓa gefen direba. Keke ya kutsa tsakanin bas da saniya, yana ta danna ham. Direban kuwa bini-bini sai ya saci kallon Alhaji ta madubi, ya yi murmushi.

Hajiya ta lura. Ta ce, "Bawan Allah, tunda ba yarensu ba ne, me ya sa suke ta dariya?"

"Hajiya, ai su ma suna kallon fim, suna tsintar kaɗan."

"To me Alhaji yake ce masa?"

Nalado ya yi tari, ya ce a bar maganar. Hajiya ta haɗa shi da Allah.

"Cewa ya yi idanun direban nan sun hana shi barci. Ya ba shi zuciyarsa. In ya tafi ya bar shi, mutuwa zai yi."

Hajiya ta gyara mayafi, ta miƙe ƙafar mai ciwo a hankali, ta juyo ta dubi mijinta sama da ƙasa.

"Alhaji, mun aurar da 'ya'ya, mun ga jikoki, ko da wasa ban taɓa jin rabin wannan a bakinka ba. Sai yau, a kan ƙato mai gashin baki?"

Alhaji ya kau da kai, ya ce, "To ai shi akwai inda zai kai ni."

Hajiya ta kaɗa kai hagu da dama.

"Ni ma akwai inda zan kai ka. Bari dai a gyara ƙafar."