Nomau da Cutar Ganyen Wake

A ƙauyen Tudun Gwanki an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Su uku ne a gidan: shi, da mahaifiyarsa Inna Kande, da matarsa Tabawa, wadda ba ta cika magana ba amma ba abin da ke wuce idonta. Dukiyar gidan kuwa wani farin wake ne mai manyan ƙwayoyi da mahaifin Nomau ya bari. Bana an zuba irin duka a ƙasa, ko ƙwaya ba a rage ba. Kullum Inna sai ta ce, "Auta, in waken nan ya mutu a hannunka ya tafi ke nan, don ba mai irinsa a garin nan."

Wata rana Tabawa ta kai masa fura gona, sai ta ga ganyen da ke kusa da ƙasa sun yi ɗigo-ɗigo ja, kowane ɗigo da rawaya kewaye da shi. Ta juya ɗaya ta shafa, wani gari kamar tsatsa ya manne mata a yatsa. Nomau ya shinshina ya ce, "Wa ya barbaɗa masa barkono?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ko za a kira Kawu?" Kawu Jatau ƙanen Inna ne, ya tsufa cikin noman wake. Da ya zo ya duba sai ya ce, "Wannan 'yar'uwar funfuna ce, irin wadda ke fitowa kan tuwon da ya daɗe. Tana da iri, ya fi gari laushi, iska ke yawo da shi. In ya sauka kan busasshen ganye ba ya komai. In ya tarar da ganye a jiƙe sai ya tsira, ya kutsa ciki ya yi ta tsotsa, har ganyen ya yi rawaya ya zube. Wake kuwa in ba ganye, kwanso ba ya cika." Nomau ya ce, "Ashe laima ce, Kawu?" Ya ce, "Laima ce." Da safe Tabawa ta nemi zanenta na zuwa biki ta rasa. A gona ta same shi, Nomau na durƙushe yana goge raɓa da shi, daga ganye mai ciwo zuwa mai lafiya, har yana yi wa kowane ganye sannu. Kafin kasuwa ta zagayo, duk kunyar da ya goge ta kamu. Kawu ya riƙe baki ya ce, "Kai ɗan nan, da hannunka ka raba musu! Daga yau kada ka ƙara sa ƙafa a gonar nan sai raɓa ta bushe."

Wata rana da sassafe awakin maƙwabta suka ɓalle suka afka gonar. Tabawa na dawowa daga rijiya ta hango mijinta tsaye a bakin iyaka, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kasa saukewa. Yana cewa, "Ku fito, bayin Allah! Ba a shiga yanzu, raɓa ba ta bushe ba!" Awaki suka ɗago suka dube shi, suka ci gaba da kiwo. Ta ce, "Malam, ai da ka kore su." Ya ce, "Jira nake rana ta ɗaga, su da ni ne." Sai ita ta ajiye tulu ta bi su da jifa, amma sun riga sun aske gefe guda tas.

Wata rana kuma Kawu ya ce masa, "Duk abin da ka gani da ɗigo-ɗigo a gonar nan, ka fitar da shi ka binne nesa, don kada ya shafa wa sauran." Nomau ya tsinke ganye kwando guda, ya haƙa rami. Tabawa na tsakar gida ta ji kururuwar zabuwar Inna. Ta fita da gudu ta tarar da shi ya danne ta a bakin rami. Ya ce, "A cikin wake na kama ta. Dubi jikinta, tata ta yi nisa." Ta ce, "Malam, haka Allah ya halicce ta." Ya ƙara duban zabuwar, sannan ya ce, "Tun tana ƙarama take fama, ba wanda ya lura?"

Damina ta ƙi ɗaukewa. Tabawa ta lura duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, taɓo kan fantsamu daga ƙasa ya hau ganye, bayan 'yan kwanaki ɗigo ya bayyana a wurin. Gona ta koma rawaya, kwanso ya yi tabo ya shanye. Ba abin da ya rage kore shar sai 'yan gindi kaɗan a kan tudu. Inna ta daina zancen waken gaba ɗaya, wannan ya fi damun Tabawa a kan a ce faɗa take yi.

Wata rana Kawu ya tsaya kan waɗannan 'yan gindin, ya dubi hadari ya girgiza kai ya ce, "Saura kaɗan su nuna. In da za a hana ruwan nan dukansu, da an sami iri. To wa zai hana?" Ya kama hanya ya tafi. Da azahar Tabawa na ninke kaya a ɗaki sai ta ga haske ya cika ɗakin. Ta ɗaga kai, ga sama ƙiri-ƙiri. Ashe Nomau ya tara samarin unguwa, ya ce musu gyara za a yi, sun ɗage jinkar ɗakin ɗungurungum. Suna dariya suka bi shi da ita har gona, ya kafa dogayen sanduna ya ɗora ta kan waken. Kafin la'asar aka kece da ruwa. Katifa ta jiƙe, tukwane suka cika. Inna ta fito tana salati: "Auta, wake ka aura ko yarinyar nan?" Ya ce, "Inna, ita ai ba ta yin ɗigo-ɗigo." Tabawa ta kwashe abin da ya kwasu ta koma ɗakin Inna.

Mutane suka riƙa zuwa kallon waken da ya sami ɗaki. Amma Tabawa ta ga abin da ba su gani ba. Ruwa na bin kwarin kunya ya kai ga saiwa, rana na shiga ta gefe safe da yamma, ganye kuwa a bushe. Ko ɗigo ɗaya bai fito ba. Da kwanso ya bushe ta ɓare shi da hannunta, ƙwarya ta cika da farin wake, manya-manya, ba mai tabo.

Inna ta zuba hannu a ciki ta daɗe tana juyawa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta. Baɗi ma haka za ka yi masa." Nomau ya ce, "To, Inna. Sai dai baɗi gonar za ta fi haka girma." Ya ɗaga kai a hankali yana auna jinkar ɗakinta da ido.

Tabawa ta ja mayafi ta rufe bakinta. Inna ta ce, "Tabawa, maza kira mini Kawunku."