Ranar da Yaya Bilya Ya Karrama Oga Okoro

Shekara shida na yi a Kwatano ina fama da gwanjon motoci. Da na dawo sai na tarar sojoji sun koma bariki, 'yan acaɓa sun cika titin Zariya, katangun Gyadi-Gyadi duk sun sha fastar 'yan siyasa, kuma kowane mai rawar kai ya zama ciyaman na wani abu. Har Yaya Bilya, ɗan kawuna, wanda na bari yana ɗaure kwali a wata maɗaba'a, na same shi da jar hula da biro uku a aljihu.

"Rabi'u, kai ka yi yawo ne kawai," in ji shi, "ni kuwa na san mutane. Babu ƙabilar da ban haddace al'adarta ba a ƙasar nan."

Haddar tasa, ka ji, kwana huɗu ce da ya taɓa yi a Inugu rakiyar kaya.

Maɗaba'ar ta Hajiya Muhibbat ce, Bayarabiyar Kano, ma'aikatanta kuma kowa da yarensa. Amma ran wurin mutum ɗaya ne, Oga Okoro, don shi kaɗai tsohon injin Jamus ɗin nan yake yi wa biyayya. A shekarar nan, Kirsimeti ta faɗo a ƙarshen azumi, aka fara raɗe-raɗin in Okoro ya tafi gida hutu ba zai dawo ba. Hajiya ta ce duk wanda ya shirya bikin da zai sa mutumin nan ya ji ana son sa, shi ne manaja a watan Janairu. Kafin ta rufe baki Yaya Bilya sarkin sani ya naɗa kansa ciyaman ɗin kwamitin shagali. Ni ne kwamitin.

"Ka san yadda suke karrama babban mutum?" ya tambaye ni. "Da idona na gani. Mota a gaba an ɗaure mata ɗanyen ganyen kwakwa, an manna hoton mutumin a gilashi, jama'a a baya sun yi anko suna ta waƙa. Wasu don daɗi har kuka suke."

"Yaya, ka tambayi wani kuwa?"

"Mai ilimi ba ya tambaya."

Ran Lahadi, Okoro yana coci, Bilya ya lallaɓa ya kunna injin da kansa. Ya bugo fasta mai hoton Okoro cikin da'irar furanni, a ƙasa ya sa shekarun aikinsa, 1985 – 2000, da manyan baƙaƙe. Isyaku mai ɗinkin littafi ya leƙa ya ce, "Malam Bilya, ni dai wannan ta yi min kama da…"

"Kai da ko Wudil ba ka taɓa wucewa ba? Koma kan zarenka."

Litinin da safe ya aika Okoro Sharaɗa duba takarda, wai don abin ya zo masa ba zato. Ni na dama ƙullun rogo mai kauri a bokiti, na bi Tarauni har bakin Hotoro ina mannawa. Shi kuma ya sa aka kafa rumfa, aka jera fararen kujeru. Da ganyen kwakwa ya gagara, ya saro na dabino ya ɗaure a ƙofa da gaban motar kamfani.

Kafin azahar mutane suka fara zuwa. Masu sayar da kayan gyaran mota ne suka fara, suka zauna shiru, kowa ya rungume hannu. Sai matan coci, sai dattawan ƙungiyar garin su Okoro. Bilya ya dafa ni.

"Ka ga taro? Ko katin gayyata ban raba ba."

Wani dattijo ya matso ya ce a hankali, "Malam, yaushe abin ya faru?"

"Ai mun daɗe muna shirya masa," in ji Bilya yana washe baki. "Ni na tsara komai da hannuna."

Dattijon ya ja da baya yana kallon hannun.

Ana haka tasi ta tsaya, Madam Ngozi matar Okoro ta faɗo daga ciki babu ɗankwali, ta rungume ƙofar tana birgima tana kiran sunan mijinta. Bilya ya raɗa min, "Ba na gaya maka har kuka suke ba?"

Sai ga Okoro a bayan acaɓa, da samfurin takarda a hammata. Matan coci suka watse, kujeru suka bi iska, wani mai tumbi ya haura katangar da ko ni ba zan gwada ba. Madam Ngozi ta ɗago ta gan shi, ta sume.

Okoro ya sa aka yayyafa mata ruwa, sannan ya tsaya gaban fastar ya daɗe yana kallo. Hajiya ta iso tana salati.

"Hajiya," ya ce, "kashe ni da aka yi, zan iya yafewa. Amma dubi fuskata, shuɗi ya hau kan ja. Wa ya taɓa min inji?"

Duk muka juya muka kalli biro uku.

A nan aka yi sulhu a tsaye. Okoro zai dawo bayan hutu, da sharaɗin kada Bilya ya ƙara wuce bakin ƙofa. Hajiya ta mai da shi mai gadi nan take, dattawa kuma suka ce sai ya bi gari ya ɓamɓare fastocin ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa mutumin yana da rai. Kwana uku ya yi yana kankarar katanga da azumi a bakinsa, don ƙullun nawa ba na wasa ba ne. Ƙannen Madam Ngozi kuwa suka fara tambayar wane ne dogon da aka gani da bokiti.

Shi ya sa washegarin Sallah ka gan ni ina cusa kaya a jaka. Bilya ya shigo, yatsu duk filasta, ya zauna bakin katifa.

"Ka tafi ke nan? Bari in je tasha tun da wuri in ƙawata maka motar da za ka hau. Sai an yi labarin rakiyar nan."

Inna, mahaifiyarsa, tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Bilya, don girman Allah ka bar yaron nan ya tafi da ransa."