Rasuwar Ɗan Bulgeriya, Kilarinet ɗin da Hajiya Ta Turara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙamshi, ni Laouali na unguwar Glenwood, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa mazauna Greensboro rasuwar kilarinet ɗina, wanda aka fi sani da Ɗan Bulgeriya. Ya rasu ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, a ɗakin baƙi na gidanmu, yana da shekara wajen hamsin a duniya, wata biyar a hannuna. Kafin in yi nisa ina roƙon arziki: kada kowa ya karanta wannan takarda a gaban mahaifiyata, Hajiya, kada kuma a jefa ta a guruf ɗin mata na waya. Ba ta san ya rasu ba, kuma ba na so ta sani.

Ga wanda bai san marigayi ba, abin busa ne, baƙi wuluk, dogo, mai maɓallan azurfa, ku ce algaitar Turawa. An ce itacensa ma daga Afirka aka saro shi, wato ɗan'uwa ne da ya daɗe a Turai. Ya yi ƙuruciyarsa a birnin Plovdiv, a bakin wani tsohon mabushi, yana raka amare daga wannan ƙauye zuwa wancan. Idan ya yi murna sai ya ce "tiriri-tiriri-rii", idan abin ya motsa masa sai ya sauka ƙasa ya ce "wuuu", har tsigar jikin mutum ta tashi. Bai taɓa neman komai a wurina ba sai ɗan mai da tsumma.

Wanda ya haɗa mu shi ne Stoyan, abokin aikina a sito, mutumin Bulgeriya. Wata rana muna cin abincin rana a motarsa ya kunna kiɗan bikin ƙasarsu. Na ji busa tana gudu kamar an biyo ta, ganga kuma tana ɗingishi a bayanta, amma ba ta faɗuwa. Wallahi ajiye shinkafata na yi. A satin na sayi kilarinet na roba a shagon gwanjo, na shekara biyu ina azabtar da maƙwabta. Sai Stoyan ya ce mini, "Laouali, yatsunka sun iso, amma robar nan ba za ta taɓa kuka ba. Na katako kake bukata, mai faɗin baki, wanda ya san biki."

Shekara uku ina tara kuɗinsa. Babu obataim ɗin da ya wuce ni. Na yi Sallah huɗu da shadda ɗaya, har abokina Kader ya fara gaishe ta da suna. Tagar motata ta ƙi rufuwa, na ce ta sha iska. Matata Houda ta haƙura da sabbin kujeru, ba don kiɗan ya burge ta ba, sai don, in ji ta, ta gaji da jin robar nan tana kukan akuya. Da kwasar adashe ta zo kaina, na haɗa, ɗan'uwan Stoyan ya ɗauko mini marigayi a jirgi.

Aibinsa ɗaya ne, kuma tunda gaskiya ake faɗi a kan mamaci, zan faɗa: yana wari. Hayaƙin tabar biki dubu, da maiƙon gasasshen nama, da yawun tsoho, duk sun shige jikinsa.

Ana nan sai Hajiya ta zo mana ziyara daga Maradi. To, a gidanmu ba a busa. Ina yaro ta taɓa karya mini sarewar kara a gwiwarta, ta ce ɗan malam ba maroƙi ba ne. Sati biyu marigayi yana kwana a but ɗin mota, ni da gemuna, mai 'ya'ya biyu, ina ɓoyon abin busa. Ranar da ta kama ni a gareji sai ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Abin da ya kawo ka Amurka ke nan?" Ta juya abinta. Amma bayan kwana biyu na lura ta daina rufe ƙofarta in na fara. Ranar Alhamis kuwa, tana tsinke zogale a kicin, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Wannan kiɗan mai ɗingishin, sake busa shi." Jama'a, shekara arba'in da ɗaya ina jiran magana irin wannan daga bakinta. Na sake shi, idona yana ruwa.

Washegari na tafi aikin safe. Hajiya ta hura gawayi a kasko, ta kife kabbasa, kwandon turara kaya, ta turara kayana na masallaci, yadda take yi mini tun ina ɗan shekara biyar. Da ta gama, sai ta ɗauko marigayi, ta kwantar da shi a kan kabbasar, ta lulluɓe shi da bargo, ta ƙara garwashi, ta zuba turarenta mai tsada wanda ko Houda ba ta ɗiba wa. Da ta sunsuna ta ji da saura, ta sake wani zubin. Na'urar jin hayaƙi da za ta iya kawo ɗauki, mu da kanmu muka rufe ta da hular wanka tun ranar da Hajiya ta sauka. Houda tana wanke-wanke ta ji "ƙas!" Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Na dawo Hajiya ta tare ni a bakin ƙofa, ta miƙo mini shi da hannu biyu. "Ungo abokinka," in ji ta. "Tunda ya zama ɗan gida, ba zai zauna mana da warin 'yan tasha ba." Na karɓa yana da ɗumi. Tsaga ta taso tun daga wuyansa ta ratsa ramuka uku. Na dubi tsagar, na dubi fuskarta, na ce, "Na gode, Inna. Allah Ya saka da alheri." Na fita mota na busa shi, ya ce "fuuu".

Mai gyara ya jujjuya shi, ya ce za a iya ɗinke jikin, amma muryar ta tafi. Ya kuma ce a shekara talatin na aikinsa bai taɓa karɓar gawa mai daɗin ƙamshi haka ba.

Marigayi ya bar ni, da Stoyan wanda ya cire hula ya yi shiru na minti guda a tsakiyar sito, da kwali biyu na harsunan gora, irin waɗanda ake ɗaura masa a baki, da ba a taɓa ba, da bikin 'yar Stoyan a watan Mayu, inda da shi za mu fara fita bainar jama'a. Ya bar Houda, wadda take kuka da ido ɗaya tana duban kujeru da ɗayan.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da la'asar, bayan mun dawo daga raka Hajiya filin jirgi. Za a kwantar da shi a akwatinsa, a ɗora a saman wadirob. Kafin nan ana karɓar gaisuwa a wajen fakin, cikin murya ƙasa-ƙasa. Da Hajiya ta tambayi dalilin shirunsa, na ce mata sanyin garin nan ne ya kama shi. Shi ne ta sa Houda ta auno mata tsawonsa, ta yanki gefen zanenta na Makka. Yanzu haka tana falo da tabarau a hanci tana ɗinka masa riga, wai kada ya sake shaƙewa bayan ta tafi. Duk wanda ya shigo, don Allah ya yaba ɗinkin. A ciki za mu sa shi.