Ranar Da Kyalla Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranin da muka dasa mangwaro a bakin hanyar garinmu ba, can wajen Kangire. Lokacin ƙungiyarmu ta ci gaban gari tana tashe. Ba mu da ofis, gindin tsamiyar ƙofar mai unguwa ne zaurenmu, amma mun yashe kwalbati, mun cike kwazazzabon da ke cin maƙabarta, mun kuma rantse sai garinmu ya yi inuwa. Marigayi Alhaji Sabo, Allah ya jiƙansa, shi ne shugaba. Ni kuwa kakaki (ba don na fi kowa sani ba, don na fi kowa baki).

Matsalarmu ɗaya, awaki. Kowa ya san al'ada: da damina a ɗaure dabbobi, da an kawar da amfanin gona a sake su. Ana sakinsu sai kan dashenmu. Ni na miƙe a taro na kawo doka: ko da rani kowa ya turke akuyarsa, wadda duk aka kama ta ci dashe, mai ita zai sake dasawa, ya kuma yi ban ruwa da jarka har saukar damina. Dattawa suka yi ta gunaguni, na ce, "Baba, ci gaba ba ya son sanayya!" Har tafi aka yi mini, kaina ya ƙara girma.

Labari ya kai Gwaram. Wata ƙungiya daga Basirka, can ƙasar Gwaram ɗin, ta aiko cewa za su zo su ga yadda muka yi maganin awaki. Ran nan da hantsi suka iso a kan babura, aka shimfiɗa tabarmi. Ni tun asuba nake bitar jawabi, har wajen turken akuyata Kyalla, wadda kullum nake ba ta ƙuliƙuli daga aljihu. Ina ɗaure ta ina "ya ku manyan baƙi", Allah kaɗai ya san irin ƙullin da na yi wa igiyar nan.

Na sha babbar riga, jawabi ya yi daɗi, ina cikin cewa yanzu a garin nan ko ɗan akuya ya san doka, sai hayaniya ta tashi. Matasanmu suka ɓullo suna jan wata akuya, ganyen mangwaro a bakinta. Ban tsaya dubawa ba na ɗaga murya: "Ko ta waye, doka ta hau kansa!"

Sannan na duba. Farin da ke cikinta ko a mafarki na san shi.

Na ja da baya na raɓe a bayan baƙi, ina addu'ar ƙasa ta tsage. Mai unguwa ya tambayi mai ita, kowa ya kau da kai (rabin garin sun gane ta, kunyata kawai suke ji). Sai ya ce, "To, ku sake ta. Akuya ba ta ɓatan gida, a bi ta a baya."

Da ma gidan ta nufa, da na sami sararin sulalewa. Ina! Kyalla ta ratsa tabarmi, ta tsallake takalman baƙi, ta zo ta cusa baki cikin aljihuna tana neman ƙuliƙulinta.

Wani dattijon Basirka ya gyara zama ya ce, "Malam, ashe mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi." Dariyar da aka yi har yau tana kunnena.

Alhaji Sabo ya jawo ni gefe ya ce a hankali, "Ɗana, in ka ga da nauyi sai mu ce kuskure ne a bar maganar." Wallahi na so in amsa. Amma ga dattawan da na yi wa wa'azin sanayya sun zuba mini ido, na kuma san ina zillewa gobe kowa zai kwance akuyarsa, dashen ya tafi ke nan. Na tuɓe babbar riga a gaban baƙi, na ce a miƙo jarka.

Haka na yi ta jigilar ruwa daga rijiya har damina ta sauka, mata suna yi mini kirari, "Sannu angon Kyalla!" Ko akuya ɗaya ba a ƙara kamawa ba, don kowa ya ga abin da ya sami mai dokar.

Yanzu itatuwan sun rufe hanya, 'yan acaɓa na hutawa a ƙarƙashinsu. Alhaji Sabo bai ga 'ya'yansu na fari ba, kuma duk sanda na wuce sai kewarsa ta kama ni, shi da zaman gindin tsamiya. Na dasa, na sha rana, na yi ban ruwa, amma tambayi kowa sunan wurin, Mangwaron Kyalla zai ce maka.

Tun daga ranar, in zan kafa wa mutane doka, sai na fara komawa gida na ja igiyar turkena na ji ko ta ɗauru.