Ranar da Gwaggo Ladi Ta Karɓe Min Guduma

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren Nura ba, ko da kuwa mantuwar zan saya a kasuwa. Nura ɗan Yaya Hamisu ne, wana, kuma Yaya ne da kansa zai karɓa masa aure a Gafasa ƙarfe sha ɗaya. Uban amaryar malami ne mai tsangaya, irin waɗanda in sun ce sha ɗaya, da ta gota sai su shafa fatiha su koma kan karatunsu. Motoci biyu sun riga sun bar Kademi da jama'a. Saura ta Yaya, ga goro da alawa a but.

Ya zura makulli, ya murɗa, makullin ya tafi taki ɗaya ya cije. Ya sake, haka. Dama ya san gidan makullin ya cinye, har ya sayo sabo ya ajiye a motar, bakanikensa ne bai samu zuwa ba.

Nan fa na gyara hula. Ni a garinmu Injiniya ake ce min (na yi wata bakwai a wani gareji a Gaya kafin mu ɓata da mai shi, kuma gaskiya wankin kusoshi na fi yi). Boko na tsaya a aji biyu na sakandare, noma bai karɓe ni ba, sunan nan shi kaɗai na mallaka. Na ce, "Yaya, matsa. Minti biyar."

"Ka tabbata?"

"In ban iya wannan ba me na iya?"

Na kwance robar da ta rufe wuyan sitiyari, wannan kam na iya. Na zare makullin na jefa a aljihu don kada ya tare min hanya. Na ja gidan makullin, ko motsi. Na sa sukundireba na ɓanɓara, ko gezau. Sai na aika a kawo guduma. Ina duka ina gumi, sabuwar shaddata ta manne a baya, Yaya yana amsa waya yana cewa "ga mu nan a hanya" alhali ko tayar ba ta juya ba. Ban san wace waya na taɓa ba, sai oda ta kama kuka ta ƙi yin shiru. Matan gidan biki kaf suka fito, wasu da lalle a ƙafa.

A cikinsu akwai Gwaggo Ladi, ƙanwar surukar Yaya, tsohuwa da ta zo daga Kano tana yi wa mata kitso. Ta matso da tsinken kitso soke a ɗankwali, ta leƙa.

"Ɗan nan, cire kan batir tukuna, ka cika mana kunne."

Ni da furfura a gemu, wai ɗan nan. Na cire, aka samu shiru. Na ce, "Gwaggo, wannan aikin maza ne."

"Na ga alama. Ina makullin?"

"Yana aljihuna."

"To me kake duka?"

Ta karɓi gudumar ta miƙa wa Yaya, ta ce in ba ta makullin. Ta tattare zani ta zauna a kujerar direba, ta zura shi, ta lallaɓa ya tafi takin nan ɗaya. Sai ta sa yatsa a ƙarƙashi tana lalube, idonta na kallon sama kamar mai tuno wani abu. Ta zaro tsinken, ta cusa a wani ɗan rami da ban taɓa sanin Allah ya yi shi ba, ta danna. Gidan makullin ya sulɓo tafin hannunta kamar an zare ƙwallon dabino. Abin da na yi rabin awa ina jibga!

Ta ɗauki sabon da makullinsa a ciki, ta daidaita shi a taki ɗaya, ta tura, ya ce ƙas. Ta ce min, "Mayar da kan batir." Na mayar. Yaya ya murɗa, mota ta tashi. Wata ta rangaɗa guɗa, kuma ba ta ango ba ce.

Ashe marigayi mijinta bakanike ne, ta shekara ashirin da wani abu tana sayar da shinkafa da wake a bakin garejinsa. Ba wanda ya koya mata. Kallo kawai. Ni da aka biya min kuɗin mota aka kai ni koyo, ban kalli komai ba sai agogon tashi.

Mun isa Gafasa malam ya fara naɗe buzu. Yaya ya durƙusa ya ba da haƙuri, aka ɗaura. Ni a mota na zauna, da baƙin mai har gwiwar hannu.

Har yau ina jin haushi, ba zan ɓoye ba. Amma in na tuna yadda yatsun tsohuwar nan suka nemo ramin ba tare da ta duba ba, sai tsigar jikina ta tashi. Yanzu in ina wani aiki na ga tsohuwa ta tsaya tana kallona, ajiye kayan nake in gaishe ta, in tambaye ta me mijinta yake yi.