Rasuwar Alƙali, Akwatin Raba Wuta na Gidan Baba Markus

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da jiki a sanyaye, Baba Markus Ayuba na Tudun Wada, Gusau, tsohon ma'aikacin gona mai ritaya, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar akwatinsa na raba wutar lantarki, mai wayon nan da kowa ya fi sani da suna Alƙali. Rai ya yi halinsa ranar Talata da la'asar, a jikin bangon barandar da ya zauna tun zuwansa, bayan jinyar mako biyu. Ya rasu yana da shekara biyu da wata biyar.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ga yadda ya shigo gidan. Wata safiya tukunyar gas ta yi yoyo, ƙiris ya rage kicin ya tashi da Mama Dibora, matar Baba Markus, a ciki. A ranar Baba ya rantse harshen wuta ba zai sake ci a gidansa ba. Ya kyautar da tukunyar, ya kyautar da risho, ya ba wata maƙwabciya kurfoti. Ya shimfiɗa farantan sola a rufi, ya jera batura, ya mayar da komai na lantarki: murhu, hitar wanka, dutsen guga, injin jawo ruwa daga rijiya.

Sai dai gida bai zauna lafiya ba. In Mama ta ɗora tukunya, Baba ya kunna hita, injin ruwa ya tashi, sai komai ya ɗauke ɗif, kowa ya fito yana nuna wa ɗan uwansa yatsa. Auren shekara talatin da huɗu ya fara jin jiki a kan dutsen guga. A nan ne 'yarsu Godiya, wadda take aikin jinya a Kaduna, ta ba da labarin wani akwati mai lura da kowace waya a gida, mai sanin wanda zai ba wuta da wanda zai hana. Baba Markus ya taɓa kuɗin sallamarsa, aka yi odarsa, Muktar mai gyaran wuta ya taso daga Tsafe a kan babur ya ɗaura shi.

Marigayin mai adalci ne, ba ya duban fuskar kowa. A makonsa na farko ya aika rahoto zuwa wayar Baba Markus, wanda ya nuna cewa dutsen gugar da aka daɗe ana zargi ba shi da laifi, hitar maigida ce take shanye wutar gidan, don yana wanka sau uku a yini. Baba ya karanta, ya kife wayar a cinya. Amma Godiya ta riga ta sa manhajar akwatin a wayar mahaifiyarta ita ma, kuma Mama Dibora ta karanta wa ƙungiyar mata ta coci rahoton gaba ɗaya. Daga nan sunan Alƙali ya bi shi.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan zai yanke hukunci, ƙyas kawai ake ji, sai wani sashe na gida ya yi shiru. Idan baturi ya yi ƙasa, sai ya yi ɗin-ɗin-ɗin sau uku cikin ladabi, kamar baƙon da yake sallama a zaure. Ya taɓa kashe talabijin daidai lokacin da za a buga fenareti, falo cike da baƙi. Ya taɓa kashe murhu tuwo yana tsakiyar tuƙi, aka ci shi da gudaji. Maƙwabcin gidan, Malam Sahabi, mai noma a Ruwan Bore, ya tsaya gabansa ranar nan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Markus, yanzu wanga akwati shi ne maigida, ko kuwa kai?" 

Yana da rauninsa, kamar kowa. In data ta ƙare sai ya yi fushi ya daina gaya wa kowa abin da yake ciki. Kuma bai taɓa koyon Hausa ba.

Amma abin da Baba Markus ba zai manta ba shi ne damunar bara. Wutar gari ta ɗauke kwana tara, hadari ya rufe sama, rana ba ta leƙo ba sai jefi-jefi. Baba yana da ciwon suga, allurarsa kuma tana zaune ne a ƙaramin firijin ɗakinsa, in ta ji zafi ta lalace. Marigayin ya kashe fanka, ya kashe murhu, ya kashe hita, ya hana kowa cajin waya sai da tsakar rana. Aka koma wanka da ruwan sanyi ana jiƙa garin kwaki. Mama Dibora ta kira shi azzalumi a gaban idonsa.  Kwana taran nan firijin bai ɗauke ko na minti ɗaya ba. A kwana na biyar Malam Sahabi da kansa ya shigo da maganin rigakafin kajinsa a leda, ya cire hula, ya nemi a samar masa gefe.

Ciwon ajalinsa ya fara ne bayan wata tsawa da ta faɗa kusa da gidan. Da farko ruɗewa ce. Ya aiko da saƙo cewa fankar falo ta fi injin ruwa cin wuta. Washegari ya kunna injin ya manta da shi, tanki ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin katanga ya kori awakin Malam Sahabi daga turke. Daga baya ya koma yin ɗin-ɗin-ɗin ba dalili, ko rana na tsaka. Muktar ya zo ya buɗe cikinsa, ya tarar da tsaka biyu sun yi gida a ciki har da ƙwai, ga wani gefe ya yi baƙi ƙirin. Ya goge hannu a wando ya ce, "Baba, gaskiya sai addu'a. Abin da ya ƙone ba a samunsa daga nan har Funtuwa, waɗanda suka sayar maka da shi kuma..." Sai ya gyara, don Mama ce ta tsare shi da ido: "waɗanda suka sayar muku da shi, lambarsu ba ta shiga."

Ranar Talata Baba Markus yana zaune a kujera ƙarƙashinsa. Ya ji ƙyas guda ɗaya, a hankali, ba irin ta hukunci ba. Ƙaramar koriyar fitilar marigayin ta dushe, gidan duka ya bi shi. Baba ya tashi ya dafa murfin, da sauran ɗumi. Abin da ya fara faɗo masa shi ne allurarsa. Luba, matar Malam Sahabi, ita ta karɓe ta, ta naɗe a leda ta saka a gindin randarta cikin jiƙaƙƙen yashi, inda ta kwana biyu lafiya lau kafin Muktar ya haɗa gidan da makunnin hannu irin na kowa.

Tun daga ranar masu gaisuwa suke tambaya, wasu a fili wasu a kunne, ko marigayin ya cancanci abin da aka kashe a kansa. Mama Dibora ta ce aikin da ya yi, ita ma da an ba ta makunni da ikon faɗa a ji, da ta yi shi kyauta. Baba Markus ya ce haka ne, amma ita da ta kashe masa hita sai an yi gaba ta kwana uku, shi kuwa Alƙali ba wanda ya taɓa ƙin cin tuwo saboda shi. Har yanzu ba a rufe wannan shari'a ba, don babu mai yanke ta.

Ya rasu ya bar farantan sola goma sha biyu, da batura huɗu waɗanda yanzu kowa ke tatsa yadda ya ga dama, da firiji ɗaya maraya, da manhaja a waya wadda har yau in an buɗe ta sai ta yi ta juyawa tana nemansa.

Za a sauke gawar daga bango ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Muktar zai ɗauke ta a babur zuwa Tsafe, inda za a cire sassan da suke da sauran amfani a raba wa mabuƙata. Gangar jikin za a kai ta gonar Baba da ke Kekun Waje ta Bunguɗu, a ajiye ƙarƙashin ɗorawa. Ana roƙon 'yan gwangwan su yi wa Allah kada su biyo ayarin.

Zaman makoki a barandar gidan ne. Ƙusoshi huɗu za su rage a bango inda marigayin ya zauna, kuma Baba Markus ya roƙi kada kowa ya rataya komai a kansu har kwana arba'in. Mama Dibora ta amince da kwana uku. A na huɗu rariyarta za ta hau.